Taurari Biyar a Takardar Tsire

"To ka kai mishi naushi mana!" in ji Barau.

"Ba a naushi a wannan wasan," in ji Sirajo.

"Harbi hwa?"

"Ba a harbi."

"Gudu?"

Sirajo ya girgiza kai, domin gudun ma ba a yi. Mutumin da ke cikin talabijin ɗin tafiya yake yi a natse, da 'yar fitila a hannu, kamar tsohuwar da allurarta ta faɗi a tsakar gida. Ya je gaban wani ƙaton mai gadi ya tsaya, mai gadin ya dube shi, shi ma ya dubi mai gadin, wani rubutun Turanci ya fito a ƙasa ya ɓace.

Barau ya goge hannunsa a gaban rigarsa mai maiƙo. "Ba a bugu, ba a harbi, ba a gudu. To mi aka yi?"

"Tunani ake yi."

"Tunani! In bar tukubata, nama bisa wuta, in zo nan in yi tunani? Ai ko can ina yi, kuma ba mai ce man in jira layi."

Ya fita yana dariya, ya bar Sirajo da madannin wasa a hannu.

Shekara bakwai ke nan da yanke Jihar Kebbi, kuma a duk unguwar Jega Magaji babu gidan gem, wato shagon wasan talabijin, sai na Sirajo. Shago ne ɗan madaidaici kusa da tasha: talabijin biyu, benci uku, fanka mai kuka kamar jinjiri, da ƙaramin janareto a bayan ƙofa. 'Yan kabu-kabu da 'yan kamasho da masu dako su ne mutanensa. Suna shigowa da gumin rana su zauna su ɗura wa juna ƙwallo, ko su zaɓi ƙattai biyu su yi ta dambe har sai an kira salla. Barau mai tsire, wanda tukubarsa ke jingine da bangon shagon, shi ne gwanin damben, kuma shi ne aminin Sirajo tun suna firamare.

Sirajo kuwa mutum ne mai karatu. Duk abin da ke da rubutu sai ya karanta shi, ko da kwalin maganin sauro ne. Littattafan soyayya sun cika masa ƙarƙashin gado, kuma tun ranar da ya ga Zaituna a bikin wata 'yar'uwarsa a Aliero, ya tabbata duk marubutan nan ita suke ta ƙoƙarin kwatantawa suna kasawa. Ita ma ba ta ƙi shi ba. Wasiƙunsu sun yi ta kai da kawowa a motocin albasa har takardun suka riƙa sa shi hawaye ta hanya biyu.

Matsalar ɗaya ce, sunanta Malam Sabo, mahaifin Zaituna. Manomin albasa ne da ya tsufa a lambu, ba ya da yawan magana, amma idan ya yi ta sai ta zauna. Da aka gaya masa sana'ar mai neman 'yarsa, cewa ya yi, "Watau shina tara ƙattai suna kallon aljannu na dambe cikin kwalba?" Bai ce a'a ba. Ya ce dai zai zo da ƙafarsa wata ranar kasuwar Jega ya ga wannan sana'a, daga nan ya san abin da zai ce.

Wannan magana ita ta hana Sirajo sukuni, har ranar da ya sayi tsire wajen Barau. Barau yakan sayi tsofaffin mujallun ƙasashen waje a ɗaure, ya riƙa yagar shafukansu yana naɗe nama. Sirajo ya cinye tsirensa, ya karkaɗe ƙuli da yaji daga takardar kamar yadda ya saba, ya hau karatu. Sai zuciyarsa ta buga. Hoton wani tsibiri ne cikin teku, farin wata ya sauka a kansa, ga wani dogon gini, ga wata mace a taga ta tallabi haɓa tana duban nesa. A ƙasa an jera taurari biyar cif. Abin da maiƙo bai cinye ba na rubutun yana cewa wannan wasa ne na masu hankali, mai kaifafa basira, wanda ba a taɓa yin irinsa ba, kuma duk wanda ya gama shi ba zai koma yadda yake a da ba.

"Barau, ina sauran shafin nan?"

"Yat tahi Dangamaji da wani mai jaki. Tsinke ukku yas saya."

Sirajo bai damu ba. Ya riga ya hango komai: Malam Sabo ya shigo, ya tarar da samari zaune shiru kamar a makaranta, suna wasan basira mai taurari biyar, ya gyaɗa kai. Ya kuma hango macen nan ta taga, wadda ko makaho ya shafa ya san da Zaituna take kama.

Jibrilla, direban babbar mota ɗan Maiyama mai kai albasa Ikko, shi aka ba takardar. Ya yi sawu biyu bai samo ba, sai a na uku, bayan ya zaga shaguna har ƙafarsa ta yi bororo. Kaset ɗin ya iso Jega cikin aljihun mota yana warin albasa. Sunansa na Turanci ya yi tsawo, saboda haka tun ranar farko aka raɗa masa Mai Fitila.

Ranar da aka buɗe shi shagon ya cika har taga. Sirajo ya yi ɗan jawabi, ya ɗaga takardar tsiren ya nuna taurarin, sannan ya danna. Kiɗa mai sanyi ya tashi. Mai Fitila ya sauko daga kwalekwale a bakin teku, ya tsaya. Aka jira abokin gaba ya fito. Bai fito ba. Bayan rabin sa'a Mai Fitila ya tsinci igiya da wani tsohon cokali. Bayan sa'a guda aka gano cewa cokalin na tono wani mabuɗi ne, mabuɗin kuma na wani akwati ne, a cikin akwatin kuma akwai wani mabuɗin.

"Wanga ba wasa ba ne, aike ne," in ji wani ɗan kabu-kabu, ya ɗauki hularsa.

Kowa da inda abin ya ɓata masa rai. Jibrilla ya ce shi kwalekwalen ne ya ba shi haushi, ba oda, ba giya, kuma duk faɗinsa mutum ɗaya yake ɗauka. Barau ya ga wani rago mai ƙiba a kan tudu, ya yi ta roƙon a matsa kusa a taɓa gadon bayansa a ji nama, aka ce ragon ba a taɓa shi, ado ne. Ya riƙe baki. Ya ce a rayuwarsa bai taɓa jin an yi kiwon rago don ado ba, kuma ya fara zargin cewa tauraro ɗaya cikin biyar ɗin nan ɗigon yajinsa ne. Kafin la'asar kowa ya koma ɗaya talabijin ɗin, ana ta ihun "Ci! Ci!", aka bar Sirajo shi kaɗai a tsibiri.

Shi bai karaya ba, don yana da abin da yake nema. Ya ajiye ƙamus a cinya, ya sayi littafin rubutu yana zana taswira. Kwana goma sha uku ya yi yana tura duwatsu, yana jera madubai, yana kunna kyandirori bi da bi, duk don ya hau dogon ginin nan ya isa ga macen taga. Har ya rubuta wa Zaituna cewa kowane mataki da yake hawa, gare ta yake hawa. Ranar da ya kai saman, ya tura Mai Fitila kusa da ita. Ba ta juyo ba. Ya danna. Sai rubutu ya fito cewa wannan mutum-mutumi ne na dutse, kuma akwai mabuɗi a ƙarƙashin gwiwar hannunsa.

Sirajo ya daɗe yana kallon talabijin ɗin. Bai gaya wa kowa ba, amma a ranar ce ya tsani Mai Fitila, tsana irin wadda ake yi wa wanda ya ci amana. Sai dai ina zai kai maganar? Shi ya yi jawabi, shi ya ɗaga takarda. Wanda ya hau dokin ƙaya da kansa ba ya kukan suka. Ya ci gaba da danne-danne yana murmushin dole, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Sai mai zurfin tunani."

Mabuɗin gwiwar ya kai shi wani lambu, kuma a nan ya maƙale. Rijiya ce a gefe guda, da magudanai da suka ratsa fangali tara na furanni busassu, kowanne da 'yar ƙofar ruwansa. A can ƙarshe akwai ƙyauren ƙarfe. Sai duk fangalin tara sun sha ruwa ƙyauren zai buɗe, amma duk yadda ya yi, ruwan sai ya ƙare a na biyar ko na shida, furannin su sake langaɓewa. Kwana shida yana wannan. A kwana na shidan ne ya koma wajen mai gadin ko zai taimaka, Barau ya ba da shawarar naushi.

Da yamma Jibrilla ya kawo wasiƙa. Layi biyu ne kacal, babu ko "hasken idona": Baba zai zo gobe bayan azahar. Ka gyara shago.

Sirajo ya gyara. Ya kwashe kaset ɗin ƙwallo da na dambe ya zuba a kwali, ya lulluɓe talabijin na biyu da zanen gado, ya roƙi 'yan kabu-kabu su yi masa rana ɗaya su huta. Suka ce ba komai, amma taga ai ta Allah ce. Sannan ya zaunar da Barau da Jibrilla a benci, ya ce su ne masu wasan basira.

"Mi za mu yi?" in ji Jibrilla.

"Ku yi shiru, ku dubi talabijin, kuna gyaɗa kai."

"Ni in na yi shiru kwana nika yi," in ji Barau. Duk da haka ya sa wankakkiyar riga, ya tallabi haɓa da hannu. Sirajo ya dube shi ya tuna macen taga, ya ce don Allah ya sauke hannun.

Bayan azahar Malam Sabo ya yi sallama. Dogo ne siriri, rana ta gasa shi, ƙafafunsa duk faso, da sanda a hannu da malfa a ka. Sirajo ya zube har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Baba. An zo lafiya? Ya mutanen gida?"

"Lahiya lau. Tashi, ɗana. Wagga ita ce sana'ar?"

"Ita ce, Baba."

Tsohon ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya zauna a kujerar da aka aro masa daga shagon tela. Ya dubi Jibrilla, wanda ya sha ɗaukar masa kaya, ya ce, "Kai ma nan kaka ɓata rana?" Ya dubi Barau, ya kira shi da sunan da ake kiran mahauta, ya ce, "Barunde, kai kuma wa kab bar ma nama?" Barau ya gyaɗa kai a hankali, kamar yadda aka koya masa.

Sirajo ya fara bayani. Ya ce wannan wasa ne na ilimi, masana na ƙasashen waje sun ba shi taurari biyar, yana koya wa matasa haƙuri da lura da tsara al'amura. Yana magana yana danna madanni don a ga misali. Mai Fitila ya buɗe ƙofar fangalin farko, ruwa ya shiga. Ya buɗe na biyu, na uku. A na biyar ruwan ya tsaya, furanni suka sunkuyar da kai.

"Haka shika yi," in ji Sirajo da sauri. "Yana da zurfi ƙwarai, Baba. Masana ma sukan yi makonni."

Malam Sabo bai ji shi ba. Ya cire malfa ya ɗora a gwiwa, ya matso da kujera har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Kai, wa yak koya maka ban ruwa?"

"Na'am, Baba?"

"Ka buɗe na bakin rijiya tun hwarko, su sha su ƙoshi, na nesa su sha mi? Ƙura? Ruwa daga ƙarshe aka hwaro shi. Toshe wanga. Toshe wancan. Duk toshe su."

Sirajo ya toshe.

"To kore shi har can ƙurya. A'a, ba wanga ba, na hagu, ba ka ga shi ya hi tudu ba? Mai tudu aka ba tun ruwa na da ƙarhi. Yawwa. Ya isa, toshe, kada shi yi ambaliya. Dawo baya. Buɗe na kusa da shi."

Sandar tsohon ta koma abin nuni, tana ƙwanƙwasa gilashin talabijin, Sirajo na jin kowace ƙwanƙwasa a haƙoransa amma ba halin magana. Fangali na tara ya sha, na takwas ya sha. Furanni suka fara miƙewa ja da rawaya. Barau ya manta da gyaɗa kai, ya miƙe tsaye. A taga kawunan 'yan kabu-kabu sun yi cunkus, wani na cewa, "Tsoho ya iya! Wallahi tsoho ya iya!" Kafin mai shayin tasha ya gama haɗa kofi ɗaya, fangali na farko ya cika, wata ƙatuwar ƙafa ta katako irin ta amalanke ta juya, ƙyauren ƙarfe ya ɗaga sama da kiɗa mai daɗi. Tasha gaba ɗaya ta ji ihun da aka yi.

Malam Sabo ya koma ya jingina, yana shafa gemu, kuma Sirajo ya rantse ya ga murmushi a ciki. Zuciyarsa ta cika fal. A ransa har ya fara rubuta wasiƙar da zai aika Aliero, ya kai ga layin da zai ce yau sahara ta yi fure. Ya tura Mai Fitila ya shige ta ƙofar. Ƙyauren ya sauko a bayansa, garam.

"Tsaya," in ji Malam Sabo. "Ina za shi?"

"Gaba, Baba. An ci wannan matakin."

"Bai toshe ruwa ba."

Aka duba. Ta tsakanin sandunan ƙyauren ana hango lambun, rijiya na ta tultulo ruwa, magudanar farko na ta kwarara.

"Koma ka toshe."

Sirajo ya juya Mai Fitila, ya tura shi jikin ƙyauren. Ya danna wannan, ya danna wancan. Rubutu ya fito.

"Mi yac ce?"

"Ya ce... ba a komawa baya, Baba."

"Ba a komawa? Mutum shi buɗe ruwa, shi sha biki, shi juya ƙeya shi tahi?" Muryar tsohon ta canza. "Ka san abin da ruwan kwana shika yi ma shuka? Ruɓewa za ta yi tun daga saiwa. In ya gama da nashi, shi karya kunya shi shiga na maƙwabci. Mu can an yi wani da yab bar ruwa yat tahi ɗaurin aure Gehuru. Irin albasar maƙwabcinai duk yan narke. Shekara bakwai gidajen nan biyu ba mai ɗaukar wuta gidan wani."

"Bari in kashe in kunna, Baba," in ji Sirajo.

Ya kashe, ya ƙirga goma a zuci, ya kunna. Kaset ɗin yana riƙe inda aka tsaya, abin da mujallar ta yaba ƙwarai. Mai Fitila ya bayyana a bayan ƙyaure, ruwa na nan na zuba.

Malam Sabo ya yi salati. "Watau ko kun ruhe shago kun tahi gida, shina nan shina zuba?"

"Baba, ai ba ruwan gaske ba ne," in ji Jibrilla.

"Na sani, ba ni da hauka. Ruwan na ƙarya ne, halin na gaske. Wanga shi ne ilimin da anka ba taurari? A koya ma ɗiyan mutane su biya bukatarsu su bar ɓarna bayansu? Ai gara aljannun da ke dambe, su ko ba komi junansu suka bugu." Ya mai da malfarsa ka, ya dogara sanda ya miƙe. "Na ga sana'a. Ina takalmana?"

Sirajo ya ga Zaituna na yin nisa, tana ƙanƙancewa kamar garin da mota ta baro. Tsohon ya sa ƙafa ɗaya a takalmi.

"Baba, akwai hanya!" in ji Sirajo.

Malam Sabo ya tsaya bai juyo ba.

"Akwai inda ake share komai, a koma farko. Lambun zai koma yadda yake, rijiya a rufe."

"To mi kaka jira?"

Sirajo ya shiga inda ake sharewa. Na'urar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Ta sake tambaya, ya danna tun ba ta rufe baki ba. Talabijin ya yi baƙi, sannan kiɗan nan mai sanyi ya tashi, Mai Fitila ya sauko daga kwalekwale a bakin teku, hannunsa babu ko cokali.

Barau ya ga dama ta samu. Ya ɗora hannu biyu a ka ya kurma ihu kamar an yi rasuwa. "Wayyo! Kwana goma sha tara! Baba, kwana goma sha tara yaron ga bai ci ba bai sha ba, da ƙamus da littahi! Dubi yadda yar rame! Duk ya zubar saboda maganarka guda!" Jibrilla ya kama, yana girgiza kai yana cewa ko shi da ya faɗa rami da lodi bai yi asara irin wannan ba. 'Yan taga suka ɗauki "Allah sarki".

Malam Sabo ya zare ƙafarsa daga takalmin, ya juyo ya dubi Sirajo da wani irin kallo mai taushi. "Haka ne, ɗana? Wahalar kwana goma sha tara?"

Abin da ya rage wa Sirajo shi ne ya sunkuyar da kai ya yi shiru, aure ya ɗauru. Ya sunkuyar. Amma kallon nan ya yi masa nauyi, ga shi kuma wani daɗi na taso masa daga ciki tun da ya ga tsibirin ya koma fanko, daɗin da ya kasa ɓoyewa. Bakinsa ya buɗe da kansa.

"Baba, kwanakin gaskiya ne, amma ban yi asarar komai ba. Wallahi na tsani wasan nan. Na tsane shi tun ranar da na hau bene na tarar da dutse. Ba mai yin shi a shagon nan sai ni, ni ma don kunya. Waɗannan biyun roƙonsu na yi su zauna. Barau ko sunan wasan bai sani ba."

"Mai Hitila," in ji Barau cikin fushi. "Kuma ka ɓata man kuka."

"Abin da ke ciyar da ni yana ƙarƙashin zanen can," Sirajo ya ci gaba, idonsa ya kawo ruwa. "Ƙwallo ne da dambe. Mutane na gama aikinsu su zo su yi dariya su tafi. Ita ce sana'ar, Baba. Ba ni da wata."

Malam Sabo ya gyaɗa kai. "Tun da nis shigo nig ga kana danna abin ga awa mai shan maɗaci," ya ce. "Nic ce ko dai ciki ke ciwo." Ya nuna zanen da sanda. "Ɗebe mu gani."

Aka yaye zanen, aka zaro kaset daga kwali. Barau da Jibrilla suka karɓi madannai kamar mayunwata, 'yan taga suka rufto ciki ba wanda ya gayyace su. Ƙattai biyu suka fito fili. Na Barau ya ɗaga na Jibrilla sama ya maka da ƙasa, shago ya ɗauki sowa. Na Jibrilla ya miƙe ya karkaɗe jiki ya sake shiga.

"A'a!" in ji Malam Sabo. "An ka da shi kuma shi tashi? Mu wurinmu ko gwiwa tat taɓa ƙasa an gama, sai makaɗa. Wanga wane irin marar kunya ne?"

"Sai jininai ya ƙare, Baba," in ji Barau, bai ɗauke ido daga talabijin ba.

"Duk masu yin abubuwan ga ba wanda yat taɓa kokawa, ba wanda yat taɓa riƙa kwashe shi yi noma a lambu." Amma bai tashi ba. Da aka sake maka na Jibrilla da ƙasa sai da ya buga sanda ya ce, "Kama ƙahwa, wawa, ƙahwa!" Dariya ta kuɓuce masa, gajeriya, kamar tari. Ya kalli 'yan dako biyu da ya san ba sa ga maciji a tasha, sun haɗa kafaɗa suna ihu tare. Ya kalli Sirajo, wanda ke tsaye a jikin bango kamar mai jiran hukuncin alƙali.

Da aka kira la'asar ya miƙe, ya sa takalmansa duka biyu. A bakin ƙofa ya tsaya, ya ɗaga murya yadda har mai shayi zai ji.

"Sirajo, ka gaya ma manyanka su taho Aliero ran Lahadi, na ba ka Zaituna. Amma gobe da sassahe ka iske ni lambu, ka naɗe wando. Ba ni kai ɗiyata gidan mutumin da bai san ta inda aka hwaro ban ruwa ba."